Na gama da rigimar akan da a kan a littafi na ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran rubutu. Alhamdulillah, daren jiya na rufe shafin ƙarshe na littafi na ɗaya, wallahi ji nake kamar an sauke min buhun gero daga ka. Ba zan tsaya a kan ƙ da ɗ da ɓ ba, duk mun sa Hausa a Gboard, allon buga rubutu na waya, mun bar k' da d' ɗin da ƙananan wayoyi suka koya mana, su ita ce da itace, ba shi da bashi, ga shi da gashi kuma ido na saurin kama su. Abin da ya so ya sa ni ajiye aikin gaba ɗaya shi ne akan da a kan.

Labarin nawa cike yake da su, don ina yawan bayanin yadda aka saba yi a cikin garin Katsina, akan yi kaza ranar sallah, akan kai amarya da dare, sai kuma ga tire a kan tabarma, ga faɗa a kan filin gado, ko'ina a haɗe na buga su tun farko. Wata ƙawata ta ce ai da sauƙi, ki hau kwamfuta ki ce wa Word duk inda ta ga akan ta mayar a kan. Allah ya taimake ni a kwafi na gwada. Hakan ya koma ha kan, takanas ya koma ta kanas, yakan da nakan duk suka rabe, tsohon da ciwon makanta ya kama a babi na uku sai ga shi da ciwon ma kanta. Ko an zaɓi wurin nan da ke cewa cikakkiyar kalma kaɗai za a nemo, matsalar na nan, saboda kwamfuta ba ta san wanne ne na sabau, wato abin da aka saba yi, wanne ne na wuri ba, duka za ta raba.

To ga abin da ya yi min aiki, don Allah ku gwada. Duk inda na ci karo da shi sai in cire in sa sukan. In jimlar ta zauna, akan taru bayan la'asar, sukan taru bayan la'asar, to lokaci sabau ne, a haɗe yake kamar yadda yakan da takan da mukan suke. In ba ta zauna ba sai in gwada bisa ko game da, ta ɗora tiren bisa tabarma, sun yi magana game da auren, to wannan a kan ne, a rabe. Su a kan lokaci, a kan hanya, a kan me, a kan cewa, duk rabewa suke. Inda ya fi wahalar da ni shi ne in yi ya biyo baya. Akan yi haka a gidan biki, haɗe. A kan yin haka ne aka kore shi, rabe. Wannan 'yar n ɗin ta yin ita ce ke nuna maka suna ne ya biyo ba aikatau ba, kuma sai da na dinga karantawa da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki kafin kunnena ya fara jin bambancin, har Hajiyarmu ta leƙo tana tambaya da wa nake hira. Ashe kuma takan ma haka take, takan zo da yamma daban, ya bi ta kan gada daban, babu wanda ya bi ta kanta daban, sai da na sake komawa farko saboda ita. Amma yanzu in na ga jimla irin akan zauna a kan dandamali ba na ko tsayawa, hannuna da kansa yake yi, kuma ina alfahari da hakan sosai.

Inda kuɗi suka ƙona ni shi ne wajen bugawa. Na so in karanta a takarda da jan biro, na kai wani shago wajen Ƙofar Ƙaura, naira 4,500 na biya, ina buɗewa a gida na ga duk inda ƙ ko ɗ take wani ɗan akwati ne a wurin, samfurin haruffan kwamfutar shagon ba shi da masu lanƙwasa. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ku mayar da shi PDF tun a wayarku kafin ku kai, haruffan na tafiya tare da shi, kuma ku ce a fara fitar da shafi guda ku gani.

Maganar kakar da ke labarin kuwa ban taɓa ta ba. Mi kika ce, yaushe sunka zaka, ɗiyan nai, haka na bar su, Katsinanci ne bakinta. Wata Anti da nake girmamawa a zauren marubutanmu na WhatsApp ta ce in daidaita har da su, na ce Anti ki yi haƙuri, bayanin marubuciya zan sa a daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwar cikin birni ba za ta yi Kananci ba. Raba kalma dai ko a bakinta na kiyaye. Haka 'y da ƴ, masu karatuna na Maraɗi ƴ suke bugawa don ita ake koyarwa a Nijar, mu a Najeriya 'y muka tashi da ita, ni dai na tsaya a kan 'y daga farko har ƙarshe, ban ce kowa ya yi kuskure ba.

Kuma yadda Antin ta yi min maganar ya burge ni, ta bayan fage ta biyo ni, da sallama, ta fara da yaba labarin. Ba irin abin da aka yi wa wata ƙanwarmu ba, ta saki shafinta na farko a rayuwa, aka ɗauki hotonsa aka zagaye kurakuran da ja aka maido cikin mutane ana dariya, yarinyar nan ba ta sake turo komai ba, har yau abin na ci min rai. Ƙa'idojin nan manya sun sha zama kafin su tsaya, an kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, to ta yaya za a ce wadda ta fara jiya da 'yar wayarta ta haddace su? Ni yanzu ko waƙafi ba na gyara wa mutum sai na tambaye shi ko yana so.

Littafi na biyu zan shiga gobe in Allah ya kai mu, can kuma kowane da kowa ne ke jira na, da masu da ma su. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, na aro wajen Yayana amma zai karɓi abinsa ƙarshen wata, duk wadda ta san inda ake sayar da shi a nan Katsina don Allah ta sanar da ni tare da farashin.