Yadda muka riƙe lig ɗin unguwa a Kano

A Kano shirya gasar kofi ba wani aiki ba ne. Mai hali ko mai neman kujera zai sayo kofi da jesi, a tara kulob 16, a yi sili ɗaya ƙwale, kafin wata ya zagayo an gama, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Sai dai rabin ƙungiyoyin wasa ɗaya tak suke bugawa. Yara su shekara suna atisaye safe da yamma, ranar farko a yi waje da su a bugun fanareti. Wannan ne ya ishi kociyoyin yankinmu, suka ce a yi lig, kowa ya kara da kowa, a tara maki. Ni aka ɗora wa aikin sakatare, saboda ba ni da kulob, ba wanda zai ce na karkata.

Dattawan da muka gayyato zaman farko sun ga lokacin da ƙwallon Kano ke hannun kamfanoni da ma'aikatu. Bakinsu ba ya gajiya da labarin Raccah Rovers, wadda ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 1978, da su WRECA da Bank of the North da Golden Stars, waɗanda aka haɗe a 1990 aka sami Kano Pillars. Masu Gida, kamar yadda ake wa Pillars laƙabi, sun ci lig a 2008, suka jera 2012, 2013 da 2014. To amma Pillars ƙungiya ɗaya ce, yara nawa za ta ɗauka? Ƙasa da babban lig na ƙasa akwai lig mai daraja ta biyu, NNL, ƙasa da shi akwai Nationwide League One, sai gasannin da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ke kula da su. Mu muna ƙasan duka, inda yaro ke zuwa fili daga garejin kanikanci ko shagon ɗinki, takalminsa a leda.

Kulob 12 muka fara da su. Idan kowa zai haɗu da kowa sau ɗaya, wasa 66 ke nan, gida da waje kuwa 132. Da na karanta lissafin a taro sai wuri ya yi tsit, aka haƙura da zagaye ɗaya. Filinmu na makarantar firamare ne, ba ciyawa, da toka ake ja masa layi, kuma sai da muka je gaban mai unguwa da shugaban makaranta kafin a ba mu. Mai unguwa bai ja magana ba. Ya ce, "Sakatare, ranar da aka zaro wuƙa a filin nan, ranar wasanku ya ƙare." Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ɗauka." Daga nan muka sa 'yan sintirin unguwa a cikin kasafi, kafin ma kuɗin ƙwallo.

Lokaci ma da nasa hukuncin. Ana take wasa bayan La'asar, dole a tashi kafin Magariba. Da hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, don haka muka mayar da kowane rabi minti 40. Agusta ba a wasa, filin ya zama tafki. Da azumi a rufe. Yammacin Asabar da Lahadi kuwa, idan manyan kulob na Ingila na wasa, har 'yan wasanmu a gidan kallo za ka tsince su, sai muka tura yawancin wasanni tsakiyar mako.

Abin da ya fi cin raina shi ne sojan haya. Kulob na ganin wasa mai zafi ya matso, sai ya ɗauko yaro daga wata unguwa, wani ma yana buga gasar jiha, a ba shi kuɗin mai da jesin wani, ya zura biyu ya hau babur ya ɓace. Maganinsa kati ne. Kowane ɗan wasa ya kawo hoto biyu, ɗaya a katinsa, ɗaya a babban littafi da ke hannuna, na buga hatimi rabi a kan hoton rabi a kan takardar, yadda ba za a ɓamɓare a liƙa wani ba. Kafin a take wasa ƙungiyoyi su yi layi, kyaftin ɗin wancan ɓangare ya riƙe katunan wannan, yana kiran suna yana duban fuska.

Wata rana kyaftin ya tsaya a kan wani dogon yaro, ya dubi kati, ya dubi yaro. Na hoton yana da tsaga a kumatu, na tsaye fuskarsa sumul. Kocinsu ya matso kusa da ni ya sassauta murya: "Haba Sakatare, ƙaninsa ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya." Na ce, "Koci, to ƙanin ya kawo hotonsa a buɗe masa kati idan lokacin rajista ya zo." Yaron da kansa ya tuɓe jesin yana dariya. Ban taɓa ganin dokar da ta yi aiki kamar wannan ba, don ba kwamiti ke tsaron ta ba, abokan hamayya ne, kuma su ba sa gyangyaɗi.

Sai alƙalin wasa. A gasannin unguwa an saba ƙungiyoyin da za su kara su haɗa masa kuɗi a bakin fili, wanda ya ba da kaso mai tsoka kuma yana jiran a saka masa. Muka hana. Kuɗin alƙali da masu ɗaga tuta na kakar gaba ɗaya ana karɓarsa tun wajen rajista, a ajiye wurin ma'aji, a sallame su bayan sun miƙa rahoton wasa a rubuce. Muka riƙa ɗauko masu takardar shaida daga ƙungiyar alƙalan wasa, ba ɗan unguwa mai usur ba, kuma ba a faɗin sunan wanda zai busa sai an gan shi a fili.

Akwai kuma kuɗin ajiya. Kulob ɗin da ya ga ba zai ci kofi ba yakan daina zuwa, ya bar abokan karawa suna shanya a rana. Wanda bai zo ba, a ba ɗaya ɓangaren maki 3 da ƙwallo 3, a yanki tara daga ajiyarsa. Wanda magoya bayansa suka shiga fili, haka. Kociyoyi sun yi ta ƙorafi a kan wannan kuɗi, amma ranar da aka mayar wa masu tsabta nasu cif a ƙarshen kaka, bakin kowa ya mutu.

'Yan siyasa sun zo, kamar yadda aka sani. Ra'ayina a kansu bai canza ba: a karɓi ƙwallaye da raga, a yi godiya, amma kada a sa sunan kowa a kan lig ɗin. Gasar da ke ɗauke da sunan ɗan takara tana mutuwa ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe.

Da kulob suka ƙaru muka buɗe rukuni na biyu, biyun ƙarshe su faɗa, biyun farko su hau. Nan take wasannin ƙasan teburi suka fi na sama zafi, nan take kuma aka fara raɗe-raɗin sayar da wasa. Dole ranar ƙarshe muka riƙa aron fili na biyu, a take wasannin da abin ya shafa lokaci guda, ni da mataimakina muna waya.

Abin da har yau ya gagare mu shi ne rauni. Ba inshora, ba likita a bakin fili, sai akwatin bandeji da man zafi. Idan yaro ya karye, a Adaidaita Sahu ake ɗaukarsa zuwa asibiti ko wurin mai ɗori, ya yi wata biyu ba ya zuwa wurin sana'arsa. Na kawo shawarar a ware wani abu daga kuɗin rajista saboda haka, kociyoyi suka ce rajistar ma da ƙyar suke haɗawa. Yanzu dai hula ake zagayawa da ita cikin 'yan kallo a wasa na gaba, abin da aka samu ni da kyaftin ɗinsu mu kai wa mahaifiyarsa.