Shokan gaba na Golf 3: abin da za ka duba kafin ka ce a canja

Golf 3 da Volkswagen ta fara ƙerawa a 1991 har yau tana cike da tashoshin motarmu, kuma ko ƙaramarsu ta haura shekara 25. A mota mai waɗannan shekaru, ƙafar gaba ce ke fara kuka. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da an ji ƙara sai a ce shoka ya mutu, a saya a ɗaura, bayan sati biyu ƙarar ta dawo.

Ƙafar gaban wannan mota irin wadda ake kira MacPherson ce. Shoka da sifirin a haɗe suke, ƙasansu ɗaure da gidan boris na taya da noti biyu, samansu kuma ya shige jikin mota ta cikin wata roba mai kauri da ƙaramin boris, wato kan shoka. Babu wani hannu a sama da ke riƙe taya, shokan ne ke tsayar da ita, kuma tare suke juyawa idan ka murza sitiyari. Saboda haka lalacewarsa ba ta tsaya ga jijjiga ba, tana taɓa birki da sitiyari da cin taya.

Fara da buɗe bonet. A saman kowane shoka akwai faifan ƙarfe. Ɗan sarari tsakaninsa da jikin mota ba laifi ba ne, amma idan ya ɗaga sosai, ko gefe ɗaya ya fi ɗayan, robar ta zauna. Sai wani ya murza sitiyari mota na tsaye, kai kuma ka ɗora hannu a kan sifirin. Idan yana fizga maimakon ya juya sumul, boris ɗin ya cije. Waɗannan biyun ne ke kawo yawancin ƙarar da ake ɗora wa shoka, sai kuma bushin na sandar da ke hana mota karkata a kwana.

Shi kansa shokan, danna gaban mota da ƙarfi ka saki. Ta taso ta tsaya, lafiya. Ta yi lilo sau biyu ko uku, ya gaji. Ɗan danshin mai a wuyansa ba komai, amma man da ya gangaro ya kama ƙura ya zama caɓi alama ce sil, wato robar da ke hana man fita, ya tafi. Shafa tafin hannu a kan taya: idan ka ji tudu da kwari, tayar tana tsalle ne a kan titi.

Abin da ya fi kashe shoka a wajenmu shi ne yagewar robar ƙura da ke rufe sandarsa. Ƙurar hunturu tana manne wa sandar, ta riƙa shiga da fita tana cin sil kamar sanfefa. Ga kuma guntun soson roba da ke hana shoka dukan ƙarshe idan an faɗa rami da lodi. A tsofaffin motoci ya kan ruɓe ya zube. Su ne mafi araha a duk ƙafar, kuma su aka fi mantawa. A duba su duk lokacin juyen mai, shokan kuma a gwada shi sosai idan ya kai kilomita 80,000.

Huda shoka a ɗura masa baƙin mai a toshe, wannan ban yarda da shi ba sam. Baƙin mai ya fi man shoka kauri, bawul ɗin ciki ba don shi aka yi su ba, sil ɗin da ya zubar da na farko kuma yana nan yadda yake. Idan na Beljiyam za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, tsayar da shi, ka danna ka ja sau huɗu ko biyar. Ya yi nauyi daga farko har ƙarshe ba tare da wani gurbi da ya tafi fayau ba, sandar kuma babu tsatsa ko ƙarzuwa.

Wajen ɗaurawa, a canja biyu tare, hagu da dama, da kan shoka sabo. A matse sifirin da abin matse shi kafin a kwance notin da ke riƙe da shi. Sifirin da ya kuɓuce yana karya hannu, kada a yarda da ɗaurin waya. A riƙe sandar da alanki yayin ɗaure notin sama, don idan ta juya tana ɓata sil. Ƙarshen sifirin ya zauna daidai cikin gurbinsa. Notin ƙasa guda biyu ana ɗaure su 95 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), na taya 110. Kafin a kwance notin ƙasan nan biyu a yi wa wurin alama da fenti, domin ɗan wasan da ke ramukansu shi ke saita karkatar taya. Duk da alamar, a wuce wajen alaimen, wato saitin taya, a ranar, in ba haka ba gefen sabuwar taya zai iya cinyewa da wuri.