Ƙasar da ke barci da rani

Aikina na farko bayan na gama karatu a Wad Madani, a ƙasar Sudan, shi ne auna ƙasa kafin a binne bututun ruwa na ƙarfe a wani ƙauye kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno inda aka haife ni. Abin da ake son sani ɗaya ne: ƙasar nan za ta ci ƙarfe ko za ta ƙyale shi?

Hanyar Wenner aka koya mana, wadda ake aiki da ita tun 1915. Sanduna huɗu ake kafawa a jere da tazara iri ɗaya, a tura wuta ta biyun gefe, a karanta ta biyun tsakiya. Duk ƙasar da wuta ke ratsawa cikin sauƙi, tsatsa ma ba ta wahala a cikinta. Da om-santimita ake auna yadda ƙasa ke tare wuta: wadda ba ta kai 1,000 ba muguwa ce, sama da 10,000 kuwa da sauƙi.

Watan Afrilu ne, baƙar lakar nan tamu ta dare, sai ka zura hannu har gwiwa. Na'ura ta ba ni lamba mai daɗi, na rubuta ina murna. Wani dattijo cikin masu haƙa ya dogara da tsinin digarsa yana kallona.

"Ɗana, yanzu barci take yi. Ka dawo in ruwa ya sauka."

Na ce, "Baba, ai na'ura ba ta ƙarya." Bai sake tankawa ba.

Ita na'urar gaskiyarta ta faɗa, ni ne na tambaye ta abin da ba shi ake nema ba. Tazarar sanduna ita ce kusan zurfin da ake aunawa, ni kuwa rabin mita na bari, alhali bututun mita ɗaya da rabi zai sauka. Busasshen ɓawon sama kawai na auna. Sannan gishirin da ke cikin ƙasa ba ya komai sai ya jiƙe. Babban injiniyanmu ya mayar da ni a Agusta, taɓo har idon sawu, lambar ta faɗo ƙasa warwas.

A wannan komawar na lura layin ya taso daga yashi ya shiga laka. Da na zaci ɓangaren yashi ne zai fi tsatsa tunda can iska take. Ashe akasin haka ne: inda iska ba ta kai ba, wato cikin lakar, nan ƙarfe ke cinyewa, ya huje tun kafin na yashin ya ji komai.

Aka shafe bututun da abin kariya, aka binne dunƙulen magniziyam a gefensa, aka haɗa su da waya, muka yi ta aunawa har muka ga -850 milibolt, lambar wuta da ke nuna bututun ya samu kariya. Baban nan ne ya haƙa ramukan. Ya ɗaga dunƙule ɗaya ya jinjina nauyinsa, ya tambaye ni amfaninsa. Na ce ƙasa za ta cinye shi a madadin bututun.

Ya yi dariya ya ce, "Ashe ƙarfe ma yana da ragon fansa," ya jefa shi cikin rami.