Nauyin da ƙaramin soja ke ɗauka a labarin yaƙi

Marubuta da yawa idan suka zo kan ƙaramin soja sai su ce tsoro ya kama shi, ya tuna gida, hawaye ya zubo masa. Mai karatu ya wuce bai ji komai a ransa ba, domin labari kawai aka ba shi. Tim O'Brien, Ba'amurken da aka ɗauka soja dole ya yi yaƙin Biyetnam daga 1969 zuwa 1970, ya bi wata hanya a littafinsa The Things They Carried na 1990, kuma a ganina duk mai son rubuta irin wannan labari ya kamata ya duba yadda ya yi.

Da sikeli ya yi aiki. Hular kwano ta haura kilo 2, babbar bindigar M-60 kimanin kilo 10 tun ba a sa harsashi ba, rediyon sadarwa kusan kilo 12. A cikin lissafin nan kuma ya riƙa cusa kayan da ba na gwamnati ba. Wani soja a littafin, Ted Lavender, yana ɗauke da ƙwayoyin kwantar da hankali da harsashi fiye da na kowa. Ba sai an tsaya bayani ba, jakarsa ta riga ta tona tsoronsa. Shugaban rukuninsu, Laftanal Jimmy Cross, mai shekara 24, yana ajiye da wasiƙun wata yarinya, Martha, wadda ya san ba sonsa take yi ba.

Wurin da aikin ya fi ƙwari shi ne ɗora wa kai laifi. Lavender ya je fitsari ne, yana dawowa harsashi ya same shi a ka, a daidai lokacin da hankalin Cross ke can wajen Martha. Da safe Cross ya ƙone wasiƙun, alhali ya san ƙonawar ba za ta goge komai ba. Nan ne masu koyo ke zamewa. Sukan bar nadamar soja tana yawo, ba ta rataye a jikin komai ba. Dole ta kama wani ƙaramin abu takamaimai, minti guda na gafala, wanda mutum zai yi ta juyawa har tsufansa ko da ba shi ne ya jawo mutuwar ba.

Akwai kuma kunya, wadda ake yawan mantawa. Yawancin yaran nan ba su wuce shekara 19 ko 20 ba, kuma abin da ke hana su gudu shi ne kada abokai su ce ga rago. Shi ya sa suke yi wa gawar abokinsu ba'a. Marubucin da ya share wannan ba'a don gudun kada a ga rashin tausayi, ya cire abin da ke riƙe da su ke nan.

Kuskure na ƙarshe shi ne rufe labari ranar da aka dawo gida. O'Brien ya bi wani sojan, Norman Bowker, har garinsu, ya sa shi a motar mahaifinsa yana ta zagaya tafki ranar bikin 'yancin Amurka, yana shirya a ransa yadda zai ba da labarin daren da abokinsa Kiowa ya nutse a cikin caɓi da ƙazanta. Bai samu wanda zai faɗa wa ba. A babin da ke biye aka sanar da mu cewa bayan 'yan shekaru Bowker ya rataye kansa.