Yaya ruwa a Panjab?

A garin da aka haifi mahaifina, idan damina ta zauna, mutum biyu ba sa rabuwa a hanya sai ɗaya ya tambayi ɗan'uwansa yaya ruwa, shi kuma ya amsa masa da cewa ruwa ya yi gyara. Ni a Jidda na tashi, inda shekara kan ƙare ba a yi ruwan kirki ba sai sau ɗaya ko biyu, saboda haka na daɗe ina ɗaukar wannan gaisuwa a matsayin al'adar tsofaffi wadda ba ta da gurbi a rayuwarmu ta nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da littafin lissafin wani sito da ke sayar da kayan abinci a kan sari kusa da Bab Makka, kuma a 'yan shekarun nan na wayi gari ni ma ina yin wannan tambaya, sai dai dillalinmu na Indiya nake yi wa ita ta waya, domin amsarsa ce ke nuna mini inda farashin buhun shinkafa zai kai bayan wata huɗu.

Abokan cinikinmu masu bakala ne, wato ƙananan kantunan unguwa, da masu gidajen abinci, da kuma iyayenmu mata da ke dafa wa alhazai tuwo da shinkafa a Shara Mansur can Makka. Kusan duk abin da muke sayar musu ta teku ya shigo. Saudiyya ta taɓa noma alkama har tana fitarwa waje, amma noman yana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya dawowa, shi ya sa a 2016 gwamnati ta kawo ƙarshen babban shirinta na sayen alkamar gida, ko da yake daga baya an ɗan sassauta. Ƙasar da mafi yawan abincinta daga waje yake zuwa, daminar wasu ita ce daminarta.

Maigidana, dattijo ne da ya fi shekara arba'in a kasuwa, ya kan yi alfahari da cewa ba ya jingina da mutum ɗaya. Dillalai uku muke da su na shinkafar basmati, kowa da sunan kamfaninsa da launin buhunsa, kuma a ganinmu idan ɗaya ya gaza sauran biyun za su riƙe mu. A tsakiyar watan Yunin 2023, ana saura 'yan kwanaki a hau Arfa, guguwar teku da aka laƙaba wa suna Biparjoy ta afka wa gaɓar jihar Gujarat, aka dakatar da aiki a tashoshin jiragen ruwa na Kandla da Mundra. Na kira dillali na farko ya ce kwantenarmu ta ƙarin kayan Hajji tana Mundra, na kira na biyu ya ba ni amsa iri ɗaya, na ukun kuwa ko tambayarsa ban ƙarasa ba ya fara ba ni haƙuri. A ranar na gane cewa guga uku muke da su amma rijiyar ɗaya ce, domin dukkansu daga gonakin jihohin Panjab da Haryana na arewacin Indiya suke saye, a kamfanonin casa na yanki ɗaya, su kuma fitar ta gaɓa ɗaya.

Wannan jinkiri na kwanaki ne kawai, abin da ya biyo baya ne ya fi nauyi. A watan Yuli ruwa mai yawa ya mamaye gonaki a Panjab da Haryana jim kaɗan bayan an dasa shinkafa, wasu jihohin kuma ruwan ya yi musu ƙaranci, ga fargabar yanayin El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan rage wa Indiya damina. Ranar 20 ga watan gwamnatin Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, alhali kuwa Indiya ce ke da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashen duniya. Basmati ba ta shiga haramcin ba, amma a ƙarshen Agusta aka sa mata ƙa'idar cewa ba za a fitar da ita a ƙasa da dala 1,200 kan kowane tan ba, kafin a sauko da adadin zuwa dala 950 a watan Oktoba. Maigida ya ce mu juya Pakistan, muka juya, sai muka tarar kowa can ya nufa. Bayan haka kuma, basmatin Pakistan a ɗaya ɓangaren Panjab ɗin ake noma ta, iyaka ce kawai ta raba gonakin, gajimaren da ke zubar musu da ruwa ɗaya ne, ƙasar kuma ba ta gama farfaɗowa daga ambaliyar 2022 da ta shafi mutum miliyan 33 ba.

Labarin hel ya fi ba ni mamaki, wato ƙwayar ƙanshin nan da gahawar Larabawa ba ta cika sai da ita. Wurare biyu ne ke ba duniya mafi yawan hel, Gwatamala a tsakiyar nahiyar Amurka da jihar Kerala a kudancin Indiya, kuma tsakaninsu akwai tekuna da dubban kilomitoci, don haka babu wanda zai ce rijiya ɗaya ce. Duk da haka, a 2024 zafi da fari suka bugi tsaunukan Alta Berafas a Gwatamala da gundumar Idukki a Kerala kusan lokaci guda, shukar kuwa mai son inuwa da laima ce, farashi ya tashi ta yadda wasu masu bakala suka koma sayen kwata maimakon kilo. Tsohuwar dabarar 'yan kasuwa ta raba ƙafa an gina ta ne a kan zaton cewa masifa ba ta sauka ko'ina a shekara ɗaya, ɗumamar duniya kuwa wannan zaton ne take ta ragewa ƙarfi.

Hanyoyin ruwan su ma ba su tsira ba. Mashigin Panama da ruwan daɗi na tafkin Gatun yake aiki, kowane jirgi da ya ratsa sai an saki kusan lita miliyan 200 zuwa teku, saboda haka da fari ya rage tafkin a 2023 aka rage jiragen da ke wucewa daga kimanin 36 a rana zuwa 24. Ana cikin haka hare-haren da aka fara kai wa jirage a Bahar Maliya daga watan Nuwamba suka sa manyan kamfanonin sufuri zagayawa ta kudancin Afirka, abin da ke ƙara kusan kwana goma a tafiya tsakanin Asiya da Turai. Kayanmu ba sa bi ta Panama, amma kwantena da jirage na duniya tukunya ɗaya ake ɗiba, idan sun maƙale can sai kuɗin dako ya hau a nan.

Ba na cikin masu ɗora wa sauyin yanayi laifin kowace tsada. Rikicin Bahar Maliya yaƙi ne, El Nino tun kafin zamanin masana'antu yake zuwa yana komawa, haramcin Indiya kuma shawara ce ta gwamnatin da ke fuskantar zaɓe a 2024 tana tsoron tsadar abinci a gida. Abin da na lura da shi a littafina shi ne, ƙarancin da yanayi ke jawowa sau da yawa ɗan kaɗan ne, amma da zarar ya bayyana sai gwamnati ta rufe ƙofa, manyan 'yan kasuwa su ɓoye kaya, mu ƙanana mu ruga saye don tsoro, kafin a ankara ɗan giɓin ya zama rami. Ruwa dai ba ya tsami banza, sai dai mai tsamar da shi ba ɗaya ba ne.

Maganin da kowa ke fara kawowa shi ne a tara kaya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A Jidda wannan ma yana da nasa haɗarin. Ranar 24 ga Nuwamban 2022 an auna ruwan sama milimita 179 cikin sa'o'i shida a kudancin birnin, fiye da na ambaliyar 2009 da ta kashe mutum sama da ɗari, kuma a ranar layin buhunan ƙasa na sitonmu gaba ɗaya ya jiƙe, muka yi asarar abin da muka tara don gudun asara. Zafi kuma nasa aikin a hankali yake yi: ƙwari su shiga gari, hel ya rasa korensa da ƙanshinsa, kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki ya cinye ribar. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, dokar da nake goyon baya ɗari bisa ɗari tun kafin mu ga alhazai fiye da 1,300 sun rasu a Hajjin 2024 mai tsananin zafi, amma tana nufin sauke kwantena sai da asuba ko da dare.

Manya suna da hanyar da ta fi tamu. Kamfanin SALIC na gwamnatin Saudiyya ya sayi kusan kashi 35 cikin ɗari na Olam Agri, babban kamfanin cinikin kayan abinci na duniya, a 2022, bayan hannun jarin da ya zuba a wani kamfanin basmati na Indiya, wato ya je har bakin rijiya ya kama wuri. Mu abin da muka iya ƙanana ne. Mun ɗaga dukkan buhuna a kan katako, mun daina karɓar kaya daga sabon dillali sai ya faɗa mana jihar da aka noma da tashar da za a yi lodi, mun kuma haɗa kai da wasu 'yan kasuwa biyu muna ɗauko shinkafar Tailan da ta Amurka a kwantena ɗaya mu raba, ko da yake mai dafa kabsa, shinkafa da naman nan ta Larabawa, ba ya yarda a canza masa basmati ko da za a ba shi kyauta.

Inda muka fi daɗewa muna ja da maigida shi ne batun bashi. Matan da ke dafa wa alhazai abinci sukan ɗauki kaya kafin Hajji su biya bayan alhazai sun watse, a kan farashin ranar ɗauka, don haka duk tashin da aka samu a tsakani mu ke shanye shi. Na kawo shawarar a rage wa'adin. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekarar da ruwa ya ci mana sito, su wa suka kawo kuɗinsu tun lokaci bai yi ba?" Na ce, "Su ne, Baba." Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba, sai dai na buɗe shafi na musamman ina ware wani abu daga ribar watannin sauƙi domin ya toshe irin wannan giɓi.

A kan yawan ajiya kuwa mun tsaya a tsakiya. Shi yana son shinkafar wata huɗu, hujjarsa ita ce basmati tana ƙara daraja idan ta kwana biyu, ni kuma ina ganin kuɗin da za a binne a buhuna ya yi yawa, sai muka yanke wata uku. Hel ba ma ajiye fiye da na sati shida, shi ma a ƙaramin ɗaki mai sanyi. Ragowar lissafin yana jiran watan Oktoba, lokacin da sabuwar basmati ke shiga kasuwannin Haryana, kuma tun daga Yuli nake kiran dillalin duk ranar Lahadi in tambaye shi ko an yi ruwa, da yawansa, da kuma gundumomin da ya sauka.