Abin da aikin takardun ma'aikata a Jizan ya koya mini

Tun da Saudiyya ta ba da sanarwar yankunan tattalin arziki na musamman guda huɗu a watan Afrilun 2023, har da na Jizan da ke kan iyaka da Yaman, 'yan'uwanmu na Makka da Jidda ke tambaya ko lokaci ya yi da za su gangara kudu neman aiki. Aiki kam akwai. Ga matatar man Aramco mai tace ganga 400,000 a rana, ga tashar jiragen ruwa a Bahar Maliya, ga masana'antun abinci da na ƙarfe da ake son jawowa. Sai dai rangwamen da dokar ta yi na mai zuba jari ne: harajin riba kashi 5 cikin 100 har shekara 20 da sassaucin kwastan, duk aljihun kamfani suke shiga. Kuma yankin na musamman fili ne mai iyaka. Yawancin masu ɗaukar mutane aiki suna wajensa, ƙarƙashin dokar ƙwadago ta kowa da kowa.

Don haka kafin ka tambayi albashi, tambayi launin kamfanin a tsarin Niɗaƙat, wanda tun 2011 yake auna yawan 'yan ƙasa a kowace ma'aikata. Akwai ja, akwai kore mai hawa uku, sai na ƙoli. Kamfanin da ya faɗa ja ba ya samun sabuwar biza, ba ya iya sabunta lasisin aikin baƙi, ke nan igamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar, za ta mutu kana ji kana gani. Abin da ke jefa ƙananan kamfanoni cikin ja sau da yawa lissafi ne: sai albashin ɗan ƙasa ya kai riyal 4,000 ake ƙirga shi mutum guda, wanda ke tsakanin 3,000 da 4,000 rabin mutum ne. 'Ya'yan Hausawa masu takardar ɗan ƙasa ya kamata su san wannan, don kamfani na bukatar sunansu, bai dace su karɓi ƙasa da 4,000 ba.

Sai sana'ar da ke rubuce a igama. Wanda aka rubuta masa lebura amma yana walda, ranar da masu duba ma'aikatu suka zo, laifi ne. Gyaran da aka yi a Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya kamfani ba da yardar kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, ba bayan ya cika shekara, ko idan an riƙe masa albashin wata uku a jere. Amma bai haɗa da direban gida, mai aikin gida da makiyayi ba, kuma da irin wannan bizar da yawa daga cikinmu suka shigo.

Inda na fi ganin haƙƙi na salwanta shi ne kwantiragin Qiwa, shafin intanet na gwamnati da ake rajistar kwantiragin aiki a kai. Mutum zai yi magana ta baki da manaja a kan riyal 2,500, a turo masa 2,000 a waya, ya danna amincewa bai karanta ba. Ranar rabuwa abin da ke rubuce shi ne hujja. Ladan ƙarshen aiki rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken wata a kowace shekara bayan haka. Mai riyal 2,000 da ya yi shekara 7 zai tashi da 9,000. In shi ya ajiye aikin da kansa, kashi biyu cikin uku yake samu, wato 6,000, don cikakken ladan sai wanda ya kai shekara 10. Wanda ya ajiye kafin shekara 2 ba shi da komai.

Direbobi kuma, Jizan ba Jidda ba ce. Hanyoyin nan su ne masu tsallako iyaka a ƙafa ke bi, akasarinsu Habashawa da 'yan Yaman, kuma duk mai imani zai ji tausayinsu. Amma hukuncin ɗaukar wanda ya shigo ba izini, ko ba shi masauki, yana kai ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya, a kuma ƙwace motar. Duk wanda zai hau motarka, ko da ɗan garinku ne ya haɗa ku, ka ga igamarsa tukuna, ka duba ranar ƙarewarta kafin ka tayar da injin.