Inda na kai a kiwon malam-buɗe-littafin tumfafiya

'Yan uwa masu wannan sha'awa, barkanmu da damina. Tsutsotsin da na ɗebo a jikin tumfafiyar bayan unguwarmu sun rikiɗe, wasu ma har sun tashi, don haka ga bayanin inda aka kwana.

Wanda nake kiwo shi ne mai launin ruwan lemon nan, mai baƙin gefe da ɗigo-ɗigon fari, wanda ake kira Danaus chrysippus a kimiyyance, kuma masanin halittu Linnaeus ne ya fara bayyana shi a 1758. Ga mai fara koyo ban ga kamarsa ba, domin abincinsa na nan a kowane kango da bakin hanya. Macen kan ajiye ƙwai ɗai-ɗai a jikin ganye, galibi ta ƙasa, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta fara karya kumallo da ɓawon ƙwanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan zagayen shi ne yadda ƙaramar tsutsa ke cin ganye. Kowa ya san nonon tumfafiya, da kauri da danƙo, ga dafi. Idan ta faɗa wa ganyen kai tsaye, nonon zai iya liƙe mata baki. Sai ta fara gatsa ganyen a kewaye, ta datse jijiyoyin da nonon ke bi, ta dakata ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke cikin da'irar. Ku sa gilashin ƙara girma ku duba ganyen da aka fara ci, za ku ga 'yan da'irorin nan. Dafin da ta haɗiya kuma ba ya tafiya a banza: tana tara shi a jikinta har bayan ta yi fiffike, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ta ba ya marmarin sakewa. Ratsin baƙi da fari da rawaya da ke jikinta, da ƙahonni shida masu laushi, gargaɗi ne ga mai son ci.

Ku kiyaye idanunku. Nonon tumfafiya na lahanta ido ƙwarai, a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka tsinko ganye, kuma kada a bar yara su tsinko.

Ni a bokitin roba nake ajiye su, na rufe bakin da ƙyallen gidan sauro, ina sauya ganye kullum ina kwashe kashinsu. Rufin yana hana wani ƙuda da ke yi musu ƙwai a jiki, 'ya'yansa su cinye su ta ciki. Tsutsar kan yi saɓa sau huɗu, a na biyar ta rataye kai ƙasa ta zama kwanso, kore ko fari-fari mai ɗan ja, da ɗigon zinariya. Bayan kamar mako guda kwanson ya yi duhu, har ana hango fiffike ta cikinsa. Ranar fitowa kada a taɓa shi sai fiffiken ya miƙe ya bushe.

Yanzu ga roƙona. Duk wanda ya fito muku, ku rubuta abu biyu. Na farko launin fiffiken baya. Namu na Afirka ta Yamma fari ne, amma a wasu sassan nahiyar ruwan lemo ne gaba ɗaya. Na biyu, namiji ne ko mace. Namijin yana da ƙarin baƙin tabo ɗaya a fiffiken baya, wato huɗu a maimakon uku, kuma wannan tabon 'yar jakar ƙamshi ce ta neman mace.

Dalilin ƙirgen shi ne abin da masu bincike irin su David Smith da Ian Gordon suka gano a Kenya, a kewayen Nairobi, inda masu launi daban-daban ke haɗuwa suna barbara. A can akwai wata ƙwayar cuta mai suna Spiroplasma da uwa ke gadar wa 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Tana kashe maza tun ba su ƙyanƙyashe ba, sai matan kaɗai su fito, har su kan cinye ƙwan 'yan uwansu da ya mutu. Mazan da ke barbarar waɗannan matan sai dai su zo daga wani wuri. Mai kiwo a Kano ko Damagaram da ke rubuta abin da ya fito daga ƙwan uwa ɗaya, irin aikin da aka fara gano wannan da shi yake yi.

Nawa dai zuwa yanzu maza da mata duk sun fito, kuma dukkansu masu farin fiffiken baya ne. Na sa hotunan a iNaturalist, shafin intanet na ajiye hotunan halittu, da kwanan wata da wurin da na samo tsutsotsin. Zagaye na gaba zan ware ƙwan kowace uwa a bokitinsa, don ƙirgen ya yi ma'ana. Wanda ya samu mai fiffiken baya ruwan lemo, don Allah ya ɗauki hoton sama da ƙasa kafin ya sake shi.